Daneri da Tebur na Uku

Bana ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, sannan ruwan ya ɗauke ƙafa. Masarar da na zuba a bayan gida ta tsaya iya gwiwa, ganyenta ya nannaɗe kamar an murza shi da hannu. Kullum da la'asar hadari yakan haɗo daga gabas ya yi baƙi a kan duwatsu, mu kwashe shanya, sai iska ta taso ta tarwatsa shi. Shekaranjiya ina tsaye a ƙofar gida ina kallon irin wannan hadarin, sai wata motar shanu ta rage gudu a kan titi, na ji wata saniya a ciki ta yi tari. Busasshen tari, gajere, irin wanda dabba take yi tana miƙe wuya. Fiye da shekara goma ke nan, amma har yau tarin saniya yana faɗar mini da gaba.

A waccan shekarar azumi ya faɗo ne a farkon damina, daminar kuma ta yi mana irin abin da take yi bana, har ma ya fi.

Mu Fulani ne da suka daɗe da zaman gari. Mahaifina ya rasu ina sakandare, ya bar mana gida a Inkil, bakin garin Bauchi, da gona a bayansa, da 'yan shanu a hannun wansa, Baffa Buba, wanda yake kiwo a Zungur. Jinya da karatu suka cinye shanun ɗaya bayan ɗaya. Zuwa shekarar da nake magana, abin da ya rage mana mai daraja shi ne wani farin bijimi da ake kira Daneri. A gida kuwa daga Inna sai ni sai ƙannena mata biyu. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana. "Ke" take ce mini, in kuma tana ba wani labarina ta ce "babbar".

Mukan yi sahur da ɗumamen tuwon jiya, mu sha ruwa har ciki ya ɗaure. Ana idar da asuba mu ɗauki fartanya mu zagaya bayan gida, domin aikin gona da azumi a baki ba ya yiwuwa sai kafin rana ta ɗaga. Shukar farko ta tsiro ta yi kyau, rana ta ƙone ta. Aka yi wani yayyafi a farkon azumi, muka sake zuba iri. Bayan 'yan kwanaki Inna ta tona rami ɗaya da yatsa, ta fito da ƙwayar masarar ta kumbura ta ruɓe, ta shinshina ta, ta mayar ta rufe. Rijiyar gidanmu ta ja baya har sai da muka ƙara wa igiyar guga tsohon zane. Abin da yake fitowa rabi ruwa ne rabi laka, sai an bar shi ya kwanta. Da ɗan abin da ya tace nake wanka, in sa hijabi, in fita titi neman acaɓa zuwa Yelwa.

Ina shekarar kusa da ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin kwamfuta, kuma lokacin koyon aiki ne. Wurin da na samu wani shagon magungunan dabbobi ne a Yelwa, na wata likitar dabbobi, Dakta Rakiya. Tana da ma'aikata da suke zagaya rugage a kan babur suna yi wa shanu allura, kowace dabba da lambarta a kunne. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki mai warin magani, da firji na ajiye allurar rigakafi, da teburin katako ɗaya. Nan ne ofishinmu. Wuta ba ta cika zuwa ba, janareta kuma ana tayar da shi ne saboda firji, ba saboda mu ba. In ya tashi mu liƙa kwamfuta a soket ɗin da ya rage, in ya mutu mu yi ta aiki har batir ya ƙare.

Wanda yake koya mini sunansa Istifanus, mutumin kudancin Bauchi, dogo mai magana a hankali. Hausarsa ba ta raba "ka" da "ki", kowa "ka" ne a wurinsa, har Dakta. Shi ya haɗa wa Dakta tsohon tsarin da ma'aikatanta suke shigar da bayani ta waya, kuma bayan salla zai tafi wani aiki a Jos, don haka dole in karɓi abin kafin ya tafi. Duk tsawon azumin ban taɓa ganin ya sha ko ruwa a gabana ba. In lokacin abincinsa ya yi sai ya ce zai je duba janareta.

Tsohon tsarin tebur ɗaya ne dogo a cikin rumbun bayanai. Duk ziyarar da ma'aikaci ya kai layi ɗaya ce: rana, lambar kunne, sunan garke, allurar da aka yi. Istifanus da kansa ya ce aikin gaggawa ne ya yi a lokacin, yanzu kuma za mu sake gini da firamwok, wato wani shiryayyen tsari na gina shafukan intanet wanda yake ɗauke wa mutum rabin wahala. A aji an koya mana tebur, an koya mana rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta take bi, amma a kaina abubuwa biyu ne da ba su san juna ba.

Ranar farko ya ce in manta da tebur tukuna, in yi wa kwamfuta bayanin mece ce saniya. Na rubuta 'yan layuka: saniya tana da lambar kunne, tana da launi, mace ce ko namiji, an haife ta a shekara kaza. Ya ce wannan bayanin shi ake kira model. Sannan ya sa na ba da wani umarni da suke kira migireshan, ya buɗe rumbun bayanai ya juyo mini da kwamfutar. Sai ga sabon tebur mai suna saniya. Duk abin da na lissafa ya zama ginshiƙi daga sama har ƙasa, har da wani ginshiƙi na farko da ban rubuta ba, wanda firamwok ya ƙara da kansa don ya riƙa ba kowane layi lambarsa. Na ƙirƙiri saniya ɗaya a cikin kod na adana ta, na leƙa tebur, na gan ta kwance a layi na ɗaya.

"Ka gani?" in ji Istifanus. "Model shi ne siffa. Tebur shi ne wurin kwana. Saniya ɗaya, layi ɗaya. In ka canja siffa, sai ka yi migireshan, tebur ya bi."

Ƙishirwa tana cina a ranar har harshena yana manne wa dasashi, amma na kasa daina ƙara shanu ina leƙawa.

Bayan haka muka zo kan garke. Ni na so in ƙara wa saniya ginshiƙin da za a rubuta sunan garkenta. Ya buɗe mini tsohon tebur ya ce in nemo garken Baffana. Na same shi an rubuta shi "Buba Zungur", an rubuta "Jauro Buba", an rubuta "Buba Z.", wani ma ya rubuta "Bubba". A idon kwamfuta mutane daban-daban ne. Sai muka yi wa garke nasa model da nasa tebur, kowane garke da lambarsa, saniya kuma ta riƙe lambar garkenta kawai. Kwanaki na yi ina haɗa sunayen da suke na mutum ɗaya. Inda na rikice in jira ma'aikatan su dawo da yamma, baki a bushe, in tambaye su.

A gida kuwa abinci yana ja da baya. Da farkon wata muna buɗa baki da kunun tsamiya da ƙosai. Zuwa goma ta tsakiya ƙosai ya ɗauke, kunun ya yi ruwa-ruwa. Inna ta fara tsinko zogalen bakin katanga tana kwaɗawa da ɗan ƙuli-ƙuli don tuwo ya kai sahur. In ta shiga ɗakin ajiya ina jin ƙarar kwano yana kartar gindin buhu. Abin da yake riƙe mu shi ne nonon da Goggo, matar Baffa, take ajiye mana in ta shigo gari talla.

Wata Juma'a, bayan an fita roƙon ruwa an dawo ba ko ɗigo, Baffa ya zo gidanmu. Ya zauna a zaure, Inna tana daga bayan ƙofa, suka yi magana a taƙaice. Za a kai Daneri kasuwar shanu ta mako mai zuwa, tunda salla ta matso kuma dabba tana daraja. Da shi za a sayi hatsin da zai kai mu kaka, da irin wake da gero mai saurin nuna, ko Allah zai kawo ruwa. A ranar na ga Inna ta ƙara gari a tukunya.

Washegari Dakta ta dawo daga daji ba ta ko cire takalmin roba ba ta shigo ɗakinmu. Ta ce ta fito daga garken wani Ardo Sule, can gaba da Zungur. Shanu suna tsaye sun buɗe ƙafafun gaba, sun miƙe wuya, suna tari, wasu sun riga sun faɗi. Ciwon huhu ne. Ta bayyana mana cewa abin tsoro a ciwon nan shi ne dabba tana iya ɗauke da shi wata da watanni tana cin ciyawa lafiya lau, tana kuma shaƙa wa 'yan'uwanta. Ga kasuwar salla ta zo, inda shanun ko'ina za su haɗu hanci da hanci.

"Ina son sunan duk dabbar da ta zauna a garken nan tun daga rani," in ji ta, "da inda take yanzu. Kafin ranar kasuwa. Zan kai wa likitan da yake duba shanu a ƙofar kasuwa, ni kuma in bi masu su ɗaya-ɗaya."

Na duba sabon ginin da nake ta alfahari da shi, na ga ba zai iya amsa ta ba. Kowace saniya lambar garke ɗaya take riƙe da ita, wato inda aka gan ta a ƙarshe. In ta koma wani wuri, sabuwar lamba ta hau kan tsohuwa, inda ta fito ya ɓace. Istifanus ya ce akwai hanyar da firamwok yake haɗa abubuwa da yawa da abubuwa da yawa, ya ƙirƙiri ɗan tebur a tsakani da kansa. Muka gwada. Ya nuna cewa saniya ta taɓa zama a garke kaza da kaza, amma bai san yaushe ba. Wadda ta bar garken Ardo Sule shekara biyu da suka wuce da wadda ta bar shi watan jiya duk ɗaya ne a wurinsa.

Na kwana da abin a raina, na tashi da shi. Da safe ina gona ina cire busassun shuka sai na riƙa tuna yadda shanu suke yawo a danginmu. A ba da aron saniya ga wanda nasa suka mutu. A raba garke da rani, masu ƙarfi su bi wani zuwa fadama. Ɗan birni ya ba da kiwo, ya karɓe, ya ba wani. Saniya ba ta zama ta garke ɗaya har abada. Zuwa take yi ta zauna, sannan ta tashi. Ashe zaman shi ma abu ne mai zaman kansa, yana da farko yana da ƙarshe.

Da na isa Yelwa na ce wa Istifanus ina son model na uku, sunansa zama: wace dabba, wane garke, ranar da aka fara ganinta a can, ranar da aka daina. Ya miƙe daga kujerar ya ce in zauna in rubuta.

Rubuta model ɗin bai ɗauki lokaci ba. Wahalar ita ce kwaso tsofaffin ziyarce-ziyarce daga dogon tebur a zuba su cikin sabo ba tare da an zubar da komai ba. Istifanus ya hana ni taɓa komai sai da muka kwafi rumbun gaba ɗaya muka ajiye gefe. Gwajin farko ya tsaya a tsakiya saboda wasu layuka ba su da rana. Muka gyara. Na biyu yana cikin tafiya janareta ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare, batir kuma saura kaɗan. Ranar nan jibi kasuwa. Zafi ya cika ɗakin, irin zafin hadarin da ya ƙi sauka, gumi yana bin bayana, kaina yana sarawa. Istifanus ya ɗauki galan ya fita neman mai, ya ce in rage hasken allo in sake gwadawa, kada in jira shi.

Na sake ba da umarnin. Wannan karon ya tafi har ƙarshe. Na buɗe rumbun na ga tebur na uku cike da layuka, kowanne yana riƙe da lambar dabba da lambar garke da ranaku. Na rubuta tambayar Dakta: duk dabbar da zamanta ya faɗa garken Ardo Sule daga rani zuwa yau, da garken da take ciki yanzu.

Amsar ta fito nan take. Ba su da yawa sosai. Ina bi da ido daga sama, sai na ga sunan Baffa. Namiji, fari. Lambar kunnen kuwa na san ta kamar sunana, don ina tsaye aka huda masa ita.

Na ce kuskure ne. Na koma tsohon tebur na nemi ainihin abin da ma'aikaci ya shigar. Sau biyu an ga Daneri a garken Ardo Sule a ƙarshen rani, ma'aikata biyu daban, rana daban. Ba kuskure ba ne.

Ni kaɗai ce a ɗakin. Layi ɗaya ne a tebur na uku, kuma na san yadda ake goge layi, Istifanus ya koya mini tun makon farko. In na goge shi, na koma tsohon tebur na goge biyun can, babu mai bin sawu. Dakta ba ta san lambobin da ka ba. Daneri lafiyarsa ƙalau, na gan shi da idona kafin azumi, ƙato, tozonsa yana rawa. Na tuna garin da Inna ta ƙara a tukunya. Na tuna ƙaramar ƙanwata da ta fara azumi a shekarar, yadda take kwanciya a kan siminti da azahar don ta ji sanyi a ciki. Na ɗora yatsuna a kan madannai. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne, duk wanda zai sayi bijimi irin Daneri a wannan lokaci ba lallai yanka shi zai yi ba. Mai garke ne zai so shi, ya kai shi cikin shanunsa.

Na adana amsar yadda ta fito, na rufe kwamfutar, na sa hannuwana a ƙarƙashin hijabi.

Dakta ta riga Istifanus dawowa. Ta karanta a tsaye. Da ta zo kan sunan Baffa ta ɗago ta dube ni, don ta san dangantakarmu, ta kuma san batun kasuwa. Ba ta yi mini jaje ba, ba ta kuma yaba mini ba. Ta ce gobe za ta fara zagaye, za ta je Zungur da kanta.

"Dakta, ki bari in riga ki," na ce. "Gara su ji daga bakina."

Na isa gida ana kiran magariba. Na bari Inna ta sha kunu ta yi salla, sannan na gaya mata komai. Ta saurara tana tattara kwanuka. Da na gama ta tambaye ni, idonta a kan kwanukan.

"Injin ne ya faɗa, ko ke?"

"Ni na tambaye shi, Inna. Abin da aka rubuta ya faɗa."

"Ana iya cire shi?"

"Ana iyawa."

Ta dube ni a karo na farko tun da na fara magana. Ba ta tambaye ni me ya sa ban cire ba. Ta ɗauki kwanukan ta miƙe, sai da ta kai bakin madafa ta ce, ba tare da ta juyo ba, gobe in yi sammako in je Zungur kafin a ɗaura masa igiya.

Ban riga igiyar ba. Na iske Daneri ɗaure a gindin ɗorawa, an ware shi daga sauran, an zuba masa harawa don ya cika ido. Baffa yana goge masa jiki da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Bai musa ba. Ya ce shi ya ba Ardo Sule aron bijimin don barbara, zumunci ne tun na iyaye, kuma lokacin babu saniyar da take tari a can. Ya kwance Daneri daga bishiyar, ya ja shi da gudu ya zagaya fili, ya tsayar da shi a gabana. Bijimin ya yi huci, ya kaɗa kai, bai yi tari ba.

"Kin ji wani abu?"

"Ban ji ba, Baffa."

"To me kike so da ni? Tun kafin a haife ki nake sauraron numfashin shanu."

"Ban ce yana da ciwo ba. Cewa na yi ya zauna da masu ciwo. Dakta ta ce sai an tsare garken an ga abin da zai biyo baya. Lambarsa kuma tana hannun likitan kasuwa."

Ya kama kunnen Daneri, ya juya lambar robar da babban yatsa. Wuƙarsa tana rataye a ƙugu kamar kullum. Ya ce, a hankali, lamba dai roba ce, kunne kuma yana warkewa. Goggo ta fito daga bukka da ƙwarya a hannu ta tsaya cak.

"Abincin uwarki ne wannan," in ji Baffa. "Ba nawa ba. Me ta ce?"

"Ta ce in zo kafin ku ɗaura masa igiya."

Ya tsaya yana kallon gabas, inda hadari ya fara haɗowa tun da hantsi. Sannan ya saki kunnen, ya zare igiyar daga ƙahon bijimin, ya naɗe ta a hannu, ya bi bayan shanunsa. Bai sallame ni ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsanani da na sani. Dakta ta zo ta duba garken, ta ce kada dabba ta fita kada wata ta shigo, a kuma daina shayar da su a mashaya ɗaya da na mutane. Sai Baffa da 'ya'yansa suka koma jan ruwa a rijiya suna ba shanu, da azumi, a cikin wannan rana. Labari ya bazu cewa garken Buba yana da ciwo. Dakta ta yi ta faɗa cewa ciwon ba ya kama mutum, amma matan da suke sayen nonon Goggo suka daina, ta riƙa komawa da ƙwaryarta a cike har ta bar shigowa gari. Mu ma nonon ya yanke mana. Inna ta sayar da tunkiyarta da manyan tukwanenta na aure, aka sayo masara da ɗan irin wake. Tuwo ya koma sau ɗaya, da buɗa baki, sahur kuma kunu. Ba wanda ya ce mini komai a gidan, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. A Yelwa ina zaune ina ƙara wa tebur ginshiƙin da zai nuna dabbar da aka tsare, cikina yana ƙugi har Istifanus yana yin kamar bai ji ba.

Ruwa ya sauka ana saura 'yan kwanaki salla, da rana tsaka. Ina kan acaɓa a hanyar gida iska ta juya ta yi sanyi, ƙamshin ƙasa ya bugi hancina, kafin mu kai Inkil an tsuge. Na iske ƙannena sun jera bokitai da kwanuka a bakin indararo, Inna tana tsaye a tsakar gida ruwa yana dukanta, ta ƙi shiga ɗaki. Washegari tun da duhu-duhu muka fita da wake da gero, ƙafa tana nutsewa a laka, muka yi shuka ta uku.

Daneri bai taɓa yin tari ba. Sai bayan kaka aka sayar da shi, lokacin da Dakta ta saki garken. Amma kafin nan, a cikin kwanakin ƙarshe na azumin, wata jar saniyar Goggo ta fara tsayuwa tana buɗe ƙafafu, aka yanka ta, Dakta ta buɗe ƙirjinta ta ga ciwon huhun da take tsoro. Ko daga Daneri ta ɗauka, ko daga mashaya tun kafin a tsare su, babu wanda ya sani har yau.

Ranar salla ba mu yi ɗinki ba. Muka wanke na bara muka goge. Da hantsi Inna ta ce in je in gai da Baffa, ko zai amsa ko ba zai amsa ba. Na tafi. Na same shi a bakin garke, ya rame, tafin hannunsa duk ya fashe saboda igiyar guga. Ciyawa ta fara tsirowa kore shar, shanu sun duƙufa a kanta. Na durƙusa na yi masa barka da salla. Ya amsa a gajarce, idonsa a kan dabbobi. Na jira kaɗan, na ce zan koma.

Na yi 'yan taku sai na ji ya kira sunana.

"Dije. Abin naku, yana karɓar abin da ma'aikata ba su gani ba?"

Na ce yana karɓa.

"Akwai wata karsana baƙa. Ta kwana da jar saniyar nan turke ɗaya. Na ba surukina Hamidu ita tun a watan azumin tsofaffi, ya tafi da ita rugarsu. Ba wanda ya rubuta." Ya share fuska da hannun riga. "Yana shirin aurar da ɗansa da kuɗin shanun nan. Zai ji haushina. Ki sa ta."

Ya faɗi lambar kunnenta da ka, ya maimaita. Ba ni da takarda, sai biro a jaka, na rubuta a tafin hannuna: lambar, sunan Hamidu, watan. Kafin in ɗago ya riga ya shige cikin shanu.

A hanyar komawa ruwa ya sake saukowa. Mai acaɓa ya ce in riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, hanya ta yi santsi. Na riƙe da ɗaya. Ɗayan na dunƙule shi a ƙarƙashin hijabi, ban buɗe ba sai da na isa shagon Dakta a Yelwa.